Laimar kwaɗi mai juya hankali ko maganin asibiti: wanne ya dace da mai ciwon damuwa?

Wanda ya gaji da jinya shi ne ya fi yin wannan tambaya. Mutum ya shekara yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina masa daɗi, aikin da a da yake gamawa kafin hantsi ya zame masa jidali. Ya je asibiti an rubuta masa ƙwaya, ya sha bai ga sauƙi ba. Sai ya buɗe waya ya ci karo da wani Bature a YouTube ko TikTok yana ba da labarin yadda wata laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ta raba shi da baƙin cikin shekara ashirin a wuni ɗaya. Dole zuciyarsa ta ce masa: to kai me kake jira?

Ban ga laifin mai tambayar ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a labarin. Manyan jami'o'i sun yi bincike a kai, an buga sakamako a mujallun likitanci da ake girmamawa. Sai dai masu bidiyon suna cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a ware: sinadarin silosaibin, wato mai juya hankalin da ke cikin laimar, da ake bayarwa a ɗakin jinya ƙarƙashin kulawar ƙwararru, da laimar kwaɗin da mutum zai samo ya ci da kansa, da kuma jinyar da ake da ita yau a asibitocinmu. Wanda zai zaɓa wa kansa ko ɗan'uwansa hanya, sai ya san kowanne da nauyinsa.

Duniya ta san abin ne daga mutanen Mazatek a tsaunukan jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, inda masu magani ke amfani da ita cikin dare, da addu'o'insu da ƙa'idojinsu. A 1955 wata mai magani a garin Huautla, María Sabina, ta yarda wani ma'aikacin banki daga Amurka, Gordon Wasson, ya shiga zaman nata. Ya buga labarin a mujallar Life a 1957, a shekarar 1958 kuma Albert Hofmann na kamfanin Sandoz a Suwizalan ya ware sinadarin da ke aikin. Baƙi suka yi ta kwarara garin Huautla neman maye, 'yan sanda suka sa wa matar ido, mutanen garinta suka juya mata baya har aka ƙona mata gida. A 1970 Amurka ta saka silosaibin a jerin miyagun ƙwayoyi mafi tsauri, a 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi sahu. Bincike ya kwanta kusan shekara talatin, sai a 2006 da Roland Griffiths na Jami'ar Johns Hopkins ya buga sakamakon gwajinsa aka sake waiwayarsa da gaske.

A cikin jiki silosaibin yana rikiɗa ya zama silosin, wanda ke manne wa wasu ƙofofin sirotonin, sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Bayan minti ashirin zuwa arba'in abin yake farawa, ya ɗauki awa huɗu zuwa shida. Launuka su ƙara haske, bango ya riƙa motsi, lokaci ya rikice, abubuwan da aka binne a zuciya su taso. Wani ya ji natsuwa da ƙaunar da bai taɓa ji ba, wani ya ji kamar mutuwa ce ta zo. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sassan da ke aiki tare lokacin da mutum ke saƙe-saƙe a kan kansa suna warwarewa na ɗan lokaci, kuma wani gwaji da aka yi kan ɓeraye a Jami'ar Yale a 2021 ya nuna ƙaruwar mahaɗan jijiyoyi da kusan kashi 10 cikin ɗari, wadda ta daɗe wata guda. Daga nan ne masana ke hasashen cewa mai ciwon damuwa, wanda tunaninsa ke zagaye wuri ɗaya dare da rana, yana samun wata 'yar kafa ta fita. Hasashe ne mai ma'ana, amma ɓera ba ya ba da labarin baƙin cikinsa.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da ya fi dacewa da tambayarmu shi ne wanda Robin Carhart-Harris da abokan aikinsa suka yi a Imperial College da ke Landan, aka buga a 2021. Sun ɗauki mutum 59 masu ciwon damuwa. Rabi aka ba su silosaibin miligiram 25 sau biyu, da tazarar mako uku. Sauran aka ba su esitalofaram kullum, ɗaya daga cikin ƙwayoyin damuwa da likitoci suka saba rubutawa. Bayan mako shida, a kan babban ma'aunin da aka tsara tun farko, bambancin da ke tsakaninsu bai kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. A wasu ƙananan ma'aunai silosaibin ya yi gaba: kashi 57 cikin ɗari sun warware, a ɓangaren ƙwaya kuwa kashi 28. Masu talla wannan adadi na biyu kaɗai suke ambata. Ba sa faɗin cewa mutanen kaɗan ne, ko cewa mako shida ya yi wa esitalofaram kaɗan, ko cewa da yawa daga masu sa kan sun zo ne suna fatan a ba su silosaibin.

Na biyu ya fi girma. Kamfanin Compass Pathways ya gwada shi a ƙasashe goma kan mutum 233 waɗanda aƙalla magunguna biyu suka kasa yi musu aiki, aka buga a 2022. A mako na uku, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka ba miligiram 25 sun warware, idan aka kwatanta da kashi 8 na waɗanda aka ba miligiram 1. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka fid da rai. Amma da aka kai mako goma sha biyu, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai sauƙinsu ya ɗore. Kashi 77 cikin ɗari sun yi ƙorafin ciwon kai, tashin zuciya, jiri da makamantansu, kuma an samu tunanin kashe kai ko yi wa kai rauni a dukkan rukunonin. A 2025 kamfanin ya sanar da sakamakon babban gwajinsa na mataki na uku, wato matakin ƙarshe kafin neman izinin hukuma, kan mutum 258: bambanci tsakanin silosaibin da ƙwayar da babu magani a cikinta maki 3.6 ne a kan ma'auni mai maki 60. Yana aiki, amma tsakaninsa da abin al'ajabin da ake yayatawa akwai tafiya.

Akwai wata matsala da duk waɗannan gwaje-gwaje ke fama da ita. Ƙa'idar gwajin magani ita ce kada mara lafiya ya san ko na gaske aka ba shi ko na bogi. To wanda ya ga bango yana numfashi ya san abin da ya sha, wanda kuma ya kwanta awa shida bai ji komai ba ya san an bar shi a baya, ya tashi da takaici. Wannan kaɗai na iya faɗaɗa bambancin. Yana daga cikin dalilan da aka tattauna a kansu kafin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ƙi amincewa da jinya da MDMA, wata ƙwaya dabam mai juya hankali, a watan Agustan 2024.

Inda ni kaina sakamakon ya fi taɓa ni shi ne wajen masu ciwon daji da ke fuskantar ajali. A 2016 Johns Hopkins ta gwada kan mutum 51, Jami'ar New York kan mutum 29, kuma mafi yawansu sun samu sauƙin fargaba da baƙin ciki har bayan wata shida. An kuma ga alamun amfani wajen rage shan giya a wani gwaji na 2022 mai mutum 93. Amma batun lasar ɗan kaɗan kullum don ƙarin kuzari, wanda ya zama yayi a Turai da Amurka, bai tsaya da ƙafarsa ba: a wani bincike na Imperial College a 2021 kan mutum 191, waɗanda suka sha kafso marar komai sun ji sauƙi daidai da waɗanda suka sha na gaske.

Yanzu a dubi yadda ake ba da shi, domin nan ne gizo ke saƙa. Kafin ranar, ana tantance mutum. Idan shi ko wani na jininsa na kusa ya taɓa samun taɓin hankali mai sa jin muryoyi da ganin abin da babu, ko cutar hawa da sauka, wadda ke cilla mutum sama cikin zumuɗi da rashin barci ta sake dawo da shi ƙasa, ana sallamarsa. Haka mai hawan jinin da bai daidaita ba ko ciwon zuciya. Wanda ya tsallake sai ya yi zama da masu kula da shi har su saba. Ran shan maganin ana kai shi ɗaki mai doguwar kujera da shimfiɗa, a ba shi kafso da aka auna a ɗakin gwaji, ya rufe ido da ƙyalle, a sa masa sauti mai sanyi a kunne. Mutum biyu na zaune kusa da shi awa shida zuwa takwas, ana auna jininsa, idan tsoro ya kama shi a riƙe masa hannu a tuna masa cewa abin zai wuce. Likita na kusa da maganin kwantar da hankali. Da yamma wani nasa ya zo ya kai shi gida, washegari ya dawo a zauna a warware abin da ya gani. Duk alƙaluman da na kawo a sama daga irin wannan ɗaki suka fito, kan mutanen da aka tace. Wanda ya ci busasshiyar laima shi kaɗai a ɗakin haya ba shi da hurumin jingina da su.

Kuma wannan ɗaki babu shi a Kano, babu shi a Yamai. Ostireliya ce ta ba wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi daga 1 ga Yulin 2023, ga waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, kuma kuɗinsa dubban daloli ne. Jihar Oregon a Amurka ta kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2020, cibiyoyinta suka buɗe a 2023, Colorado ta biyo baya da tata ƙuri'ar a 2022, duk da cewa a dokar tarayyar Amurka haramtacce ne. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk suna cikin yarjejeniyar 1971, don haka mai riƙe da shi a Najeriya da NDLEA zai haɗu.

Wanda ya ce zai nemo da kansa

Adalci ya sa in faɗi abin da ke gefensa. Silosaibin ba ya kama mutum irin kamun taramol ko kodin, jiki ba ya neman sa, kuma da wuya sinadarin shi kansa ya kashe mutum. A wani jadawali da Farfesa David Nutt da abokansa suka buga a 2010 kan illar ƙwayoyi ashirin a Birtaniya, laimar kwaɗi ce ta zo ƙarshe. Haɗarinsa a wani wuri yake.

Na farko, kuskuren ganewa. Ƙananan laimomi masu ruwan ƙasa suna kama da juna ƙwarai, kuma a cikinsu akwai masu dafin amatoksin da ke cinye hanta. Muguntar wannan dafi ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan awa shida zuwa ashirin da huɗu amai da gudawa su fara, sannan mutum ya ji kamar ya warke, iyali su yi hamdala, alhali hantar na mutuwa. Kwana uku ko huɗu ido ya yi ɗorawa. A lokacin wani sai dashen hanta, kuma kowa ya san inda muke game da dashen hanta. Tafasawa ko soyawa ba ta kashe wannan dafi.

Na biyu, babu awo. Laima biyu daga wuri ɗaya na iya bambanta a ƙarfi ninki-ninki. Abin da ake sayarwa a intanet da sunan cakulan ko alewar laima kuwa, Allah kaɗai ya san abin da aka zuba a ciki.

Na uku shi ne hankalin kansa. Masu bincike na Johns Hopkins sun tambayi mutum 1,993 game da mafi munin abin da ya same su bayan cin laima a wajen asibiti, aka buga a 2016. Kashi 39 cikin ɗari sun sa shi cikin abubuwa biyar mafi wuya a rayuwarsu. Kashi 11 sun ce sun jefa kansu ko wani cikin haɗari. Cikin waɗanda abin ya wuce shekara da faruwa, kusan kashi 8 sun nemi jinya saboda matsalar da ta ƙi tafiya. Mafi yawansu sun ce duk da haka sun amfana, amma a tuna waɗanda suka iya zama suka cike takardar tambaya ne suka amsa. A watan Oktoban 2023 wani matuƙin jirgin sama na Amurka da ba ya bakin aiki, yana zaune a kujerar baya ta ɗakin tuƙi, ya kai hannu zai kashe injinan jirgi mai ɗauke da mutum sama da tamanin. Abokan aikinsa suka rinjaye shi. Ya shaida wa 'yan sanda cewa ya ci laimar kwana biyu kafin nan, bai yi barci ba, yana cikin jimamin rasuwar amininsa, kuma ya ɗauka mafarki yake yi. Mutum ne mai baƙin ciki da bai je wurin likita ba, irin wanda bidiyon nan ke yi wa magana kai tsaye.

Ga mai ɗauke da irin taɓin hankali a jini, cin laima sau ɗaya na iya tayar da cutar da ke kwance. A nan ina da damuwa ta musamman game da mu. A gidajenmu ba a faɗin wannan tarihi. Kawun da aka ɗaure a ɗaki, gwaggon da aka ce iska ce ta taɓa ta bayan haihuwa, kakan da ya bi duniya ba a sake ganinsa ba, duk ana rufe zancensu saboda auren 'ya'ya. Saurayi zai rantse babu mai taɓin hankali a danginsu, kuma iyakar saninsa ke nan. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci wajen tantancewa, mu ne muka fi kowa rashin amsarta. Haka kuma wanda ke shan litiyom, maganin da ake ba masu cutar hawa da sauka, haɗa shi da irin waɗannan abubuwa na iya jawo farfaɗiya. Wasu tsiraru kuma sukan ci gaba da ganin walƙiya da inuwoyi watanni bayan mayen ya sake su.

Kada kuma wani ya ce ai muna da namu na gida, ya nufi zaƙami. Zaƙami wani abu ne dabam, sinadaransa atirofin da sikofolamin ne, suna kawo ruɗewa ta gaske, zazzaɓi, bushewar baki, bugun zuciya da mantuwa, kuma suna kisa. Duk wanda ya ga yaran da aka kwaso daga wurin biki bayan an zuba shi a zoɓo ya san babu jinya a cikinsa.

Ga Musulmi akwai kuma hukuncin addini. Hadisi ya tabbata cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. Malamai suna da bayani kan larurar magani idan amintaccen likita ya tabbatar babu madadi, kamar yadda ake yi da allurar barci wajen tiyata, amma wanda ya rubuta wa kansa da kansa bai shiga wannan babi ba.

Abin da ke hannu

Ƙwayoyin damuwa ba su da farin jini, kuma na san dalili. Ba sa aiki nan take, sai mako biyu zuwa shida. Fuloksetin da danginsa kan kawo tashin zuciya a farko, su rage sha'awar iyali, wasu su ce sun daina kuka amma sun daina dariya. Amitiriftilin ya fi araha kuma yana taimaka wa barci, sai dai yana busar da baki, yana sa kasala, kuma shan sa da yawa lokaci ɗaya na iya tsayar da zuciya, shi ya sa ba a barin kwalinsa a hannun wanda ke tunanin mutuwa. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 suna bukatar a sa musu ido sosai a makonnin farko. A babban binciken STAR*D na Amurka mai mutum kusan 4,000, ɗaya cikin uku ne ya warware da maganin farko. Amma a ɗaya gefen, nazarin da aka buga a 2018 wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 kan mutum sama da 116,000 ya nuna cewa dukkan magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar bogi. A ɗora wannan kusa da 'yan ɗaruruwan da ke cikin gwaje-gwajen silosaibin da na kawo a sama. Illolin ƙwayoyin nan an san su ciki da bai, an san yadda ake sauya wani da wani, ana samunsu a kemis, kuma talaka na iya saye.

Abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai shi ne kalmar "na sha bai yi ba". Likitoci ba sa cewa ciwo ya gagari magani sai an gwada aƙalla iri biyu, kowanne a cikakken awo, na tsawon makonni. Da yawa daga cikinmu kwana goma muke sha mu ajiye, ko mu tsaya a ƙaramin awon da aka fara da shi domin ba mu koma asibiti ba, ko kuɗi su yanke a tsakiya, ko mu ji sauƙi mu daina alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan warkewa. Wani ma ba ciwon damuwa ne tushen matsalarsa ba: ƙarancin jini ne, ko maƙoƙon da ba ya aiki daidai, ko cutar hawa da sauka wadda maganinta dabam ne, ko ƙwayar da yake sha a ɓoye. Irin wannan mutum bai kai matsayin waɗanda aka yi gwajin Compass dominsu ba, ko da a Landan yake zaune.

Jinya ta hanyar zama da magana ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ba ta da illa ga jiki. Ga ciwo mai sauƙi ko matsakaici tana kai ƙwaya, kuma haɗa su biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Ba dole sai da babban likita ba. A Zimbabuwe Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna taya su rarrabe matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka buga a 2016 kan mutum 573 ya nuna sauƙi mai yawa. Abin lura ne cewa jinyar silosaibin kanta cike take da irin wannan zama, kafin da bayan shan maganin. Addu'a da karatun Alƙur'ani da zama cikin 'yan'uwa ba sa karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke karo da su shi ne a ce wa mara lafiya ya zubar da ƙwayarsa domin rashin tawakkali ne ke damunsa.

Idan ciwon ya gagara da gaske, akwai matakai biyu da suka riga silosaibin samun gindin zama. Ketamin, wanda likitocinmu suka daɗe suna amfani da shi a ɗakin tiyata, yana ɗaga baƙin ciki cikin awanni idan aka ba da ɗan kaɗan ta jijiya, kuma a 2019 FDA ta amince da ɗan'uwansa na fesawa a hanci mai suna Spravato. Aibinsa shi ne sauƙin kan gushe cikin kwanaki sai an maimaita, yana iya kama mutum, kuma yawan shan sa na lalata mafitsara, don haka aikin likitan ƙwaƙwalwa ne a cikin asibiti. Sai jinyar wutar lantarki, wadda sunanta ke firgita mutane. An fara ta a birnin Rum a 1938, kuma yadda ake yin ta a ƙa'ida yau ana sa mutum barci ne a saki jijiyoyinsa, a ratsa ƙwaƙwalwarsa da wuta kaɗan, ya farka bayan 'yan mintuna, sau shida zuwa goma sha biyu cikin makonni. Takan taɓa tunawa da abubuwan da suka faru a kusa da lokacin. Amma ga wanda ya daina ci da sha, ya daina magana, ko mai jegon da hankalinta ya juya, ko wanda damuwarsa ta haɗu da jin muryoyi, har yau babu abin da ya fi ta saurin ceto rai. Waɗannan kuwa su ne ainihin mutanen da gwajin silosaibin ke mayarwa gida tun daga bakin ƙofa.

Na san likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, layi na da tsawo, kuma mutane na jin kunyar a gan su a ƙofar asibitin. Duk da haka ƙofofin suna nan: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa a Yamai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa.

Idan ɗan'uwana ne ya tambaye ni, ga yadda zan raba masa. Wanda ciwonsa sabo ne ko bai taɓa yin cikakkiyar jinya ba, ya fara da likita da zaman magana, ya ba maganin mako shida, ya koma a duba awon. Wanda ya yi haka sau biyu bai samu sauƙi ba, ya nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a sake duba asalin cutar, a yi maganar ƙarin magani, ketamin ko lantarki. Wanda zuciyarsa ke raya masa ya kashe kansa, wannan ba ya cikin masu zaɓi: yau za a kai shi asibiti, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakinsa, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Laimar da aka tsinto ko aka saya a ɓoye kuwa ban ga wanda zan ba shawararta ba, ko mai ƙarfin hali ne.

Saura 'yan'uwanmu da ke zaune a Turai, Amurka ko Ostireliya, waɗanda za su iya samun gurbi a gwaji na jami'a ko cibiya mai lasisi. Gare su abin ya cancanci a duba, idan sauran hanyoyi sun ƙare. Kafin su sa hannu su kira gida su tambayi tsofaffi tarihin dangi ba tare da kunya ba, su faɗa wa masu gwajin gaskiyar abin da suka ji. Su tambaya wa zai zauna da su a ɗakin, mene ne horonsa, ana ɗaukar zaman a bidiyo ko a'a, domin mutum a wannan hali ba ya iya kare kansa. Su tambaya wa za su kira idan bayan mako uku duhun ya dawo. Yawancin gwaje-gwajen suna bukatar a ajiye ƙwayar damuwa kafin a fara, kuma wannan sai a hankali, ana rage awo mako bayan mako a hannun likitan da ya rubuta ta, domin yanke ta rana ɗaya na kawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon da ƙarfi.